Roba Mai Jan Murfi

Shekara goma sha ɗaya ƙugun ƙanenta yana kan inci talatin da biyu. Tela ba ta buɗe littafin awo in za ta yanka masa wando, hannunta ya riga ya san shi. Ranar Talatar nan da ta zagaya masa tef, sai da ta sake zagayawa. Arba'in da biyu.

"Nawa?" ya ce.

"Tsaya cak mana. Sai motsi kake yi."

"Yaya, nawa?"

Ta faɗa masa. Ya ɗaga kai yana kallon fankar shagon da ke juyawa tana kuka kamar za ta faɗo.

Kadangare ake ce masa, a gida da wurin aiki. Ma'aikacin kamfanin lantarki ne, hawan turke aikinsa, kuma a da kafin a gama jingina tsani ya kai sama. Shi ne autansu. Shi ne kuma ya laƙa mata Tulu tun yana shekara shida, sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya dawo da ita, ya zauna da ita a shagon nan. Makanikan da ke tsallaken titi ba su san tana da wani suna ba. Yau dai bai kira ta da shi ba. Ya yi wata biyar bai kira ta da shi ba.

Wandon aikinsa yana kan teburin yanka, shuɗi mai ratsin rawaya a ƙafa. Sau uku tana farke shi tana sakin ɗinki. Babu sauran abin saki.

"Sai dai in tsarga masa ƙyalle ta gefe," ta ce. "Launin ba zai zo ɗaya ba."

"Tsarga." Ya zauna kan benci, bencin ya amsa. "Ƙarshen wata za a hau sikeli. Duk wanda ya wuce kilo ɗari ba zai ƙara hawa ba. Wai tsani da bel ɗin ɗaure ƙugu iya nauyin da suke ɗauka ke nan, in an haɗa da kayan aiki."

"Kai nawa kake?"

"Ɗari da shida."

"To sai su ba ka aikin ƙasa."

"Da wace takarda? Aikin ƙasa na masu takarda ne. Ni ƙafa aka ɗauka, ba kai ba." Ya shafa tumbinsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya. "In ban hau ba, sallama ce. Ga yara biyu."

Ta ɗauki alli ta ja layi a gefen wandon. Layin bai miƙe ba. Ta goge da yatsa ta sake ja.

Wata ashirin ke nan. Ta san lissafin fiye da shi.

Abin ya faro ne daga waya da ta yanke shi a ƙauri. Ciwon ya ruɓe. Ya sayi kafso a kemis ya sha, ya sake saye, ya sake, sannan asibiti suka ɗora masa wanda ya fi ƙarfi. Ƙafa ta warke, ciki ya ɓarke. Zawo sau goma sha biyar a yini, wata biyu babu tsayawa. Mutumin da dama ba shi da nama ya koma kamar an rataye riga a ƙusa.

Likitar gajeriya ce, mai gajiyayyun idanu. Ta tara su uku a bakin gadonsa: Tela, da matar Kadangare, da babban yayansu, wanda kowa ke ce wa Akawu saboda aikin da yake yi a ofishin haraji.

"Hanjin mutum kamar gari ne," ta ce. "Cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, iri-iri, ba su ƙirguwa. Yawancinsu aiki suke mana. Maganin da ya sha bai tambayi na kirki da mugu ba, ya share garin. Mugu ɗaya ya tsira, ya tarar da gidaje babu kowa, ya baje. Mun ba shi magani sau uku yana dawowa. Abin da ya rage shi ne mu kawo masa sababbin mazauna."

"Daga ina?" in ji Akawu.

"Daga bayan gidan mai lafiya. A tace, a zuba masa ta ƙasa da bututu."

Matar Kadangare ta toshe baki da mayafi. Akawu ya dubi takalminsa. Tela ce ta fara magana.

"A ɗauki nawa."

Likita ta dube ta, daga wuya zuwa ƙafa, duban da Tela ta saba da shi a wurin direbobin tasi.

"Ban da ke. Kada ki ji haushi. Ba ma karɓa daga mai nauyi irin naki."

Daga kan gado, da robar ƙarin ruwa a hannu, leɓɓa a bushe, Kadangare ya samu ƙarfin dariya.

"Likita, ki rufa min asiri. Kar ki juye min Tulu a ciki, turke ya karye da ni."

Kowa ya yi dariya, har nas da ke wucewa. Ita ma ta yi. Ta iya wannan dariyar, tun tana ƙarama take yin ta.

Akawu aka zaɓa, siriri ne kamar sandar rake. Mako biyu ana gwada jininsa da bayan gidansa, aka ce ya dace. Aka ba shi roba mai jan murfi da sunansa a jiki, aka ce ranar Alhamis ya kawo sabo kafin ƙarfe tara, domin jikin mara lafiyar ba zai jure ƙarin jira ba.

Ƙarfe bakwai da rabi na ranar, tana share shago, sai ga shi da kwat da jaka. Ya rufo ƙofa. Ya ciro robar ya ajiye a kan keken ɗinki. Babu komai a ciki.

"Tun asuba nake zaune," ya ce. "Kwana uku ke nan cikina ya ɗaure. Fargaba ce."

"To ka je ka faɗa wa likita."

"In je in tsaya gaban mace, da yara nas-nas, in ce ni, da girmana, na kasa..." Bai ƙarasa ba. Ya gyara wuyan rigarsa. "Ke ki yi. Ki kai, ki ce na aiko ki, ina da taro."

"An ce ban da ni."

"An ce! Uwa ɗaya, uba ɗaya, kwano ɗaya muka ci. Naki da nawa mene ne bambancinsu? Kashi ne fa, ba sa hannu ba. Ko so kike Auta ya mutu muna tsaye muna jayayya?"

Ta ɗauki robar. Tsoro ne ya sa ta ɗauka, wannan gaskiya ne, ta ga idanun Auta jiya sun faɗa rami. Amma akwai wani abu ƙarami a ƙarƙashin tsoron, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Duban nan na likita. Dariyar nan. Me nawa ya yi? Shi ma ƙazanta ne a cikin ƙazanta?

Kwana biyu bayan ta kai robar asibiti, zawon Kadangare ya tsaya cak. Mako guda ya ci shinkafa ya nemi ƙari. Da aka sallame shi, ya je gidan Akawu da sabon agogon hannu a kwali, ya durƙusa har ƙasa. Akawu ya karɓa, ya ɗaura, ya ce ai yi wa kai ne.

Sai kuma ƙugun ya fara tafiya. Talatin da huɗu, aka ce lafiya ce ta dawo. Talatin da shida, aka ce matarsa ta iya girki. Talatin da tara, aka daina cewa komai a gabansa. Duk tana rubutawa a littafin awo, da kwanan wata, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

Ranar Laraba ta rufe shago da rana ta tafi ofishin Akawu. Hawa na biyu ne, ta huta sau biyu a matakala. Ya ga shigowarta ya sallami mutumin da ke gabansa.

"Za su kore shi," ta ce.

"Na ji."

"Yaya, likitar nan ba a banza ta ce ban da ni ba."

"Rage murya." Ya jera biro uku a kan tebur, ya daidaita kawunansu. "Teɓa ta baki take shiga, ba ta ƙasa ba. Yaro ya tashi daga ciwo ya buɗe ciki, sai ki ɗora wa kanki? Ya kama bakinsa."

"Haka kuke ce min shekara talatin."

"To ƙarya muka yi?"

Ta dube shi. Agogon yana hannunsa, ya yi masa yawa, yana zamewa zuwa gwiwar hannu in ya ɗaga.

"In kika buɗe baki," ya ce, "ni za ki tozarta, ke kuma ki rasa shi. Ya warke ko bai warke ba? To. Ki je ki yi ɗinkinki."

Ranar Lahadi ta je gidan Kadangare da rana, kamar yadda ta saba. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Ta tarar da shi ya dawo daga gudu, ya naɗe cikinsa da leda a ƙarƙashin riga, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Matarsa ta ajiye wa kowa shinkafa da wake. Shi ta ajiye masa kabeji da dafaffen ƙwai ɗaya.

"Anti, ki yi masa magana," in ji matar. "A gida kabeji, amma wa ya san abin da ake ci a waje? Mutum ba ya kumbura da iska."

"Na rantse miki na ƙara rantsewa," ya ce.

"Rantsuwa ba ta hawa sikeli."

Matar ta kwashi yaran suka shiga ɗaki. Ya zauna yana juya kabejin da cokali. Tela ta san ledar nan. Ta san ƙwan nan guda ɗaya. Ta san ruwan zafi da lemon tsami, da shayin da ake sayarwa a kwali mai hoton siririyar mace, da ƙurajen da ke fesowa a inda cinya ke gugar cinya. Ta bi hanyar nan tun daga farkonta har inda ta ƙare, kuma ba ta kai ko'ina ba.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In na ci, ko awa ba a yi sai in ji kamar ban ci ba. Ba yunwar da na sani ba ce. Da, in ina kan turke, sai in manta ban karya ba har la'asar. Yanzu kamar akwai wani a ciki da yake jiran nasa kason. Yana kira. In na yi banza da shi sai hannuna ya kama rawa."

"Na sani."

"Na zama mara zuciya. Mutumin da bai iya riƙe bakinsa ba. Na zama kamar..."

Ya tsaya.

"Ƙarasa," ta ce.

"Ba haka nake nufi ba."

Maganar tana bakinta. Ta ji ta a kan harshe, da nauyinta. Ta dubi ƙanenta, wanda ta goya har bayanta ya yi ciwo, wanda shi kaɗai ya zo da motar haya ya kwaso mata kaya ranar da mijinta ya ce ya gaji da ciyar da mutum biyu a jiki ɗaya. Ta haɗiye. Ta tura masa ruwa.

"Ka dai riƙa cin wani abu kafin ka hau," ta ce.

Saura kwana huɗu a hau sikeli, matarsa ta faɗo shagon da rana tsaka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Jiri ne ya ɗebe shi a saman turke. Bel ne ya riƙe shi. Ya yi ta reto a sama, kai a rataye, har abokan aikinsa suka kawo motar ƙugiya suka sauko da shi. Haƙarƙari biyu sun tsage inda bel ya shaƙe shi. Waya mai wuta tana kamu ɗaya daga kafaɗarsa.

Asibitin nan ne dai, ɗaki na gaba da na wancan karon. Likitar ma ita ce, ta ƙara furfura. Tana tsaye da fayil, Kadangare yana kwance an naɗe masa ƙirji.

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Litinin."

"Yau Alhamis. Kwana uku da ruwa da lemon tsami, ka hau turken wuta. Kashe kanka kake son yi?"

"Kilo shida nake son kashewa."

Likita ta buɗe fayil ɗin baya, tana bi da yatsa. "Saba'in da takwas kafin ciwo. Yanzu ɗari da uku. Mun duba maƙogwaro, mun duba sukari, babu abin da ya bayyana wannan." Ta ɗago kai. "Da wani ne ya ba ka bayan gidan da muka zuba maka, da na yi wani tunani. Amma yayanka ne ya bayar, siririn nan mai kwat."

"Ni ce," in ji Tela.

Ba ta shirya ba. Tana zaune a kujerar roba da ta matse mata ƙugu, jakarta a cinya, sai ta ji muryarta ta fita.

"Ke ce me?" in ji matar Kadangare.

"Robar. Mai jan murfi. Yaya ya kasa, ya kawo min shago. Nawa na kawo."

A gadon gefe wani tsoho ya daina tari.

Likita ta rufe fayil ɗin a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kin san ba a gwada ki ba? Ko ciwo ɗaya kike ɗauke da shi a jini ko a hanji, da mun zuba wa mutumin da ba ya iya ɗaga kansa. Da hannuna. Yau za a ɗebi jininku ku biyu."

"To shi ne?" Tela ta ce. "Nawa ne ya mayar da shi haka?"

"Ban sani ba."

"Ke ce likita."

"Shi ya sa na ce ban sani ba. Abin da na sani shi ne, halittun da ke cikin masu ƙiba sukan bambanta da na sirara. Wasu sun fi iya tatsar abinci, daga loma ɗaya su fitar da abin da wasu ba za su fitar ba. Ana kuma zaton suna da hannu a yadda mutum ke jin yunwa da ƙoshi. An gwada a ɓeraye, aka zuba wa wasu na mai ƙiba, wasu na siriri, abinci iri ɗaya, na farkon suka fi yin kitse. Shi ya sa muke kaucewa. Amma ɓera ba mutum ba ne. Ƙanenki ya sha magungunan da su kansu sun birkita masa ciki, ya tashi daga doguwar jinya, jininku ɗaya, shekaru kuma suna tafiya. Ba zan iya rantsuwa cewa ke ce ba. Ba zan iya rantsuwa cewa ba ke ba ce."

"A cire masa," in ji matar. "A wanke cikin a zuba na Yaya Akawu."

"Ba wando ba ne da za a farke a sake ɗinkawa. Ba na yi wa mai lafiyar hanji wannan aikin don ya rame, kuma waɗanda aka gwada wa ba su rame yadda ake fata ba. Abin da zan iya shi ne in tsara masa abinci, ganye da wake da hatsin da ba a cashe ba, a hankali, wata da watanni."

"Kwana huɗu gare ni," in ji Kadangare.

Likita ta ce wa matar ta biyo ta ta karɓi takardar gwaji. Suka fita.

Ya daɗe yana kallon silin. Da ya yi magana, a hankali ya yi, saboda haƙarƙarin.

"Agogon nan, albashin wata guda ne."

"Na sani."

"Na durƙusa masa." Ya ja numfashi ya yamutsa fuska. "Wannan yunwar. Haka kike ji?"

"Tun ina shekara tara."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kuma abincin da kike ci..."

"Kana gani ai. A gabanka nake ci. Ka taɓa ganin na fi ka loma?"

Ya rufe ido. Ta yi zaton a nan za a tsaya, har ta miƙa hannu za ta gyara masa zanen gado.

"Ba robar ce ta dame ni ba," ya ce. "Da ba ki kawo ba, wataƙila da na mutu. Wata ashirin, Yaya. Kina zagaya min tef. Kina rubutawa. Matata tana ce min ɓarawon abinci, ina kallon madubi ina zagin kaina, na zo na zauna a gabanki na ce na zama mara zuciya. Kika tura min ruwa."

"Na ji tsoro."

"Na yarda. Tsoro kaɗai?"

Ta buɗe baki.

"Dube ni. Da kika ga ina kumbura, ni mai bakin nan, ni da na sa miki suna. Ba ki ji daɗi ba? Ko kaɗan?"

A'a kalma ce guntuwa. Ta faɗe ta sau dubu ga masu kawo ɗinki a ƙurarren lokaci. Amma ta tuna ranar talatin da tara, yadda ta rubuta lambar, ta ja layi a ƙarƙashinta, ta zauna ita kaɗai bayan ya fita, da wani abu mai ɗumi a ƙirjinta da ba ta so ta duba ba. Yanzu ka sani, abin ya ce. Yanzu ɗayanku ya sani.

Ta yi jinkirin numfashi ɗaya. Ya isa.

"Je ki," ya ce.

"Auta."

"Je ki a ɗebi jininki."

Jinin ya fito lafiya, nata da nasa. Ranar Litinin ya je da ƙirji a naɗe ya hau sikeli, ba takalmi, ba komai a aljihu. Ɗari da biyu. Shugabansu ya ce ko da ya sauka ƙasa da ɗari, mutumin da ya suma a kan turke ba zai sa hannu a sake ɗora shi ba.

Matarsa ce ta zo karɓar wandon, kamfani sun ce a mayar da kayansu. Tela ta riga ta tsarga ƙyallen, ta yi masa ɗinki biyu don ya yi ƙarko. Matar ta ninke shi ta sa a leda ba ta duba ba. Ba ta zauna ba, ba ta ce Anti ba.

Akawu ya aiko da saƙo ta waya: tunda ta zaɓi ta tona shi, kada ta ƙara hawa matakalar ofishinsa. Ta karanta, ta ajiye wayar a cikin gwangwanin maɓallai.

Lahadi ta zo ta wuce. Wata ta zo. Ba ta je ba, ba a kira ta ba.

Bayan wata biyu ta ji Kadangare ya fara bin gidaje yana gyaran soket da fanka. Hanyarsa ta zuwa tasha ta gaban shagonta take, amma ta tsallaken titi yake bi, ta bakin garejin makanikai.

Wata safiya tana ɗinkin labule, kai a sunkuye, keke na gudu, ta ji an ƙwala kira daga garejin.

"Tulu! Kai, Tulu! Zo ka duba mana wayar injin nan!"

Ta ɗaga kai, kamar yadda take ɗagawa shekara talatin. Ba ita ake kallo ba.

Ƙanenta ne yake tafe da jakar kayan aiki a kafaɗa. Bai juya ba da farko. Aka sake kira, aka yi dariya. Sai ya tsaya, ya juya, ya yi musu dariyar shi ma. Ta gane dariyar. Bai iya ta sosai ba tukuna, tana tsayawa a haƙora.

Ya tsallaka kwata ya shiga garejin yana ɗan buɗa ƙafa, tafiyar mai ƙuraje a cinya. Wandon jikinsa na kanti ne, baƙi, ba ɗinkinta ba. Daga inda take ta hango inda yadin ya fara haske a tsakanin cinyoyi. Mako biyu, in ya daɗe uku, zai yage a nan.

Ta tsayar da keken. Ta jawo buhun ƙyallaye ta tona har ta samu baƙi mai kauri. Ta yanka faci biyu, masu siffar ganye, irin waɗanda take sa wa nata. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta daidaita bakinsu, ta buɗe aljihun keken ta ajiye su kusa da littafin awo.

Ta rufe. Ta koma kan labulen.